Waina Shida a Ƙarƙashin Faifai

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma wata bakwai ke nan ban ji ɗanɗanon komai ba. Ina ci, don kada 'yata ta zauna tana kallona tana hawaye. Ina taunawa, ina haɗiyewa, amma da tuwo da nama da lemo duk ɗaya suke a bakina, kamar ina tauna jiƙaƙƙen tsumma. Sun kai ni asibiti, an duba, an ce lafiyata lau, tsufa ne. Ban yi musu gardama ba. Ni dai na san ciwon, domin tun ina ƙarama aka ba ni labarinsa a bakin wuta. Shi ya sa na ce wa jikata Rahila ta ɗauko takarda ta zauna kusa da ni. Ni ban iya rubutu ba, ko sunana da yatsa nake sa shi.

A Durumi aka haife ni, tun tana ƙauye. Inda benaye suke tsaye yanzu, gonakin doya ne da na dawa, sai duwatsu da birai. A lokacin in an ce Abuja, garin nan ake nufi na wajen Dutsen Zuma, wanda yanzu ake kira Suleja. Mu Gbagyi ne. Uwata ta rasu ina goye, don haka kakata Asabe, uwar babana, ita ta raine ni. Sunana Lami, amma ita Gajeriya take ce mini, har na fi ta tsawo ba ta daina ba.

Kaka maginiyar tukwane ce. Tana gina tulu, tana gina tukunyar miya, amma abin da aka fi saninta da shi tanda ce, kaskon nan mai ramuka da ake toya waina a ciki. Abin dariya, a ƙauyenmu ba mai yin waina. Ba mu san yadda ake haɗa ƙullun ba. Sau ɗaya matar baffana ta gwada, abin ya manne a tanda, sai da aka kankare da wuƙa aka ba kaji. Saboda haka duk tandar da Kaka ta gina, ta garin Abuja ce. Sau biyu a shekara matan ƙauyenmu suke haɗuwa su tafi can, kowace da kayanta a babbar ƙwarya a kafaɗa, don mu ba ma ɗora kaya a ka. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa.

Ranar da za su dawo, tun la'asar muke hawa dutse muna hangen hanya. Amma ba a kwance tsaraba sai an ci tuwon dare, an hura wuta a tsakar gida, Kaka ta wanke ƙafafunta ta miƙe su. Sannan ta jawo ƙunshin. Wani lokaci dakuwa ce mai yaji, wani lokaci alewa da ta narke ta manne da ganye, sai mu lashe har ganyen. Sau ɗaya ta kawo burodi, muka yi ta juya shi muna shinshina, babana ya ce wannan ai iska ce aka toya. Amma abin da ba ya taɓa rasawa a ƙunshin nan waina ce. Ta kwana biyu a hanya, ta yi sanyi, gefenta ya yi tauri, ta ɗan yi tsami. Kaka ta jera su a fasasshen kasko a gefen garwashi har su yi ɗumi. Mu a wurinmu haka waina take. Ba mu san wata ba, kuma ba abin da ya kai ta daɗi.

Kaka tana da doka guda. Ba a cin tsaraba a kaɗaice. Mu yaran gidan sai mu zauna biyu-biyu, kowa ya raba tasa ya miƙa wa na kusa da shi rabi, shi ma ya karɓi rabin nasa. Ɗan baffana ya taɓa cewa, “Kaka, to ai duk ɗaya ne, tunda na bayar da rabi, na karɓi rabi.”

Ta ce, “Kai ka ce ɗaya ne. Miƙa masa.”

Muna ci take fara tatsuniya. Da Gbagyi take yi, ni ce nake mayar da ita Hausa yanzu. Takan ce, “Ga baƙuwa a ƙofa.” Mu ce, “A ba ta tabarma.” Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma daren tsaraba guda ɗaya take yi, ta mai gishiri.

Wani mutum ne mai yawon sayar da gishiri. Ya yi ta tafiya har ya isa wani gari a bayan duwatsu, yunwa ta kusa kayar da shi. A bakin kasuwa ya tarar da wata tsohuwa tana toye-toye. Ta ba shi guda biyu masu zafi, ta ce, ɗaya taka, ɗaya ta wanda zai zauna kusa da kai. Ya ci tasa. Tunda aka haife shi bai taɓa sa abu mai daɗi irin wannan a baki ba. Ya duba dama, ya duba hagu, ba kowa. Sai ya cinye ta biyun, ya ɗauki kayansa ya kama hanya. Da ya isa gida matarsa ta yi masa miyar kaza, ya kai baki, ya ji ruwa. Ta kawo zuma, ruwa. Ya lashi gishirin da yake sayarwa, shi ma ruwa. Sai ya koma wurin tsohuwa yana kuka. Ta buɗe wata tukunya ta nuna masa, ga ɗanɗanon bakinsa a ciki, tare da na wasu mutane da yawa. Ta ce, ba ni na ɗauke ba, kai ka bar shi a nan. Ta ba shi guda ɗaya tak, ta ce ya je ya nemi wanda za su raba, tun ba ta huce ba. Ya shiga duniya da abu a tafin hannu. Wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya ce yana sauri, wani ya ce bai san shi ba.

A nan ne muke tsayar da tauna, don ƙarshen ba ya zama ɗaya. Wata rana Kaka ta ce wata makauniya ya samu a gindin kuka. Wata rana ta ce wani makiyayi ne da shanunsa suka ɓata. Akwai ranar da ta ce akuya ce, muka yi ta dariya har ɗan baffana ya ƙware. Ko ma wane ne, da sun raba sai bakin mai gishiri ya dawo. Sai ta ce, “Baƙuwa ta tashi, ku naɗe tabarma.”

Wani dare, ina da kamar shekara goma, na tambaye ta, “Kaka, wai da gaske ana cin waina da zafi?”

Ta yi dariya. “Gajeriya, da zafi ake cin ta. Wannan da kuke ci gawarta ce.”

“Ke kin ci?”

Ta daɗe tana tura itace a wuta. Ta ce, “Sau ɗaya. Ni da kakanku, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Ya raka ni kasuwa, muka zauna a benci ɗaya kamar marasa kunya, ya ƙona harshe, ya yi ta hura baki kamar kare ya yi gudu. Muka ce za mu koma. Aka yi ta noma, aka yi ta haihuwa, sai ya tafi.”

“To ai kina zuwa kullum. Me ya hana ki ci?”

“Ni da wa?”

Na ce ai ga matan da suke tafiya tare. Ta ce kowace da ta isa kasuwa ta kanta take yi. Sannan ta dube ni ta ce, “Ranar da kafaɗarki ta iya ɗaukar tulu biyu, zan tafi da ke. Mu zauna a bencin nan ni da ke. Ina so in sake jin ta a bakina kafin haƙoran nan su ƙare.”

Daga ranar kullum sai na ɗauki tulu na zagaya gida da shi. Shekara biyu ina yi. Bayan girbin shekara ta biyu, Kaka ta tsaya ta kalle ni na kai tulu biyu rafi na dawo ban sauke ba, ta ce, “To, shirya.”

Tafiyar ta ba ni wuya. Kafaɗata ta saɓule, ƙafafuna suka kumbura. Guzurinmu gasasshiyar doya ce da barkono, ta ƙare mini tun daren da muka kwana a hanya, domin na ci tawa da sauri. Kaka kuwa tana tafe tana ɗingishi kaɗan, gwiwarta ta fara damun ta, amma sai raha take yi. Da muka hango Dutsen Zuma ta ce, “Kina jin ƙamshi?” Na ce a'a. Ta ce, “Ni tun daga gida nake ji.”

Da hantsi muka shiga kasuwa. Mai wainar sunanta Uwani, Bahaushiya ce, doguwa mai baki. Ita Kaka take kai wa tanda, ita kuma ta ba ta waina ta tsaraba. Tana ganinmu ta ce, “Asabe, ba ki mutu ba? Ai na ce bana sai dai in toya a tafin hannuna.”

Kaka ta ce, “In na mutu wa zai rinƙa jure surutunki?”

Uwani ta ƙwanƙwasa sabuwar tandar da yatsa, ta saurari ƙararta, ta ajiye. “Wannan fa? Jika ce?”

“Abokiyar cina ce. Yau zan zauna a bencinki.”

Uwani ta saki ludayi a cikin ƙullu. “Ke? Shekara nawa ina roƙonki ki zauna, kina cewa na gode, ƙunsa mini? To kin zo a makare, ƙullu ya zo gindin ƙwarya. Saura na zuba ɗaya.”

Kaka ta ce akwai tulun da wata mata ta ba ta sallahu a cikin gari, dole ta kai mata, yanzu za ta dawo. Uwani ta ce ta je, wannan zubin na ƙarshe nasu ne, ko wa ya zo ba za ta sayar ba. Kaka ta ɗauki tulu ta tafi tana ɗingishi, ta waigo ta ce, “Gajeriya, jira ni.”

Na zauna ina kallo. Uwani ta ɗiga mai a kowane rami, ta zuba ƙullu, ya yi ta ƙara yana ƙananan ƙofofi. Ta juya su da tsinke, bayansu ya yi ja. Guda shida. Ta kwashe a kwano, ta ɗora ɗan man shanu a kai, ta rufe da faifai. Ta ce, “'Yan mata, zan kai kwanukan nan rijiya. Ki kula da akuyar can, ɓarauniya ce.”

Na kula da akuya. Sau biyu na kore ta. Sai na ce bari in ɗaga faifan in gani kawai. Tururi ya bugi fuskata. Na ce ai uku nawa ne, in na ci ɗaya daga nawa ba wanda na cuta. Na ci. Rahila, ban san yadda zan gaya miki ba. Na ci ta biyu, na ci ta uku. Na duba hanya, ba Kaka. Abin da ya biyo baya ba na iya tuna shi da kyau. Na dai tuna ina lasar yatsa, kwano ba komai sai mai, sai na mayar da faifai na rufe, kamar rufewar za ta dawo da su.

Kaka ta dawo tare da Uwani. Na lura ta tsaya a rijiya ta wanke hannuwanta da fuskarta, ta kuma sake ɗaura zani, ta juyo da gefen da bai yi ƙura ba. Ta zauna a benci, ta matsa ta ba ni wuri, ta ce, “Matso.” Ta ɗaga faifai.

Ta dubi kwanon, ta dubi bakina.

Uwani ta ce, “Akuya ce?” Sai ita ma ta ga bakina. “La ilaha illallahu. Ke yarinya, duka shidan? Kin san shekarar da tsohuwar nan...”

Kaka ta ce, “Bar ta, Uwani. Kwana biyu ta yi tana tafiya.”

“To ku kwana mana. Yanzu zan jiƙa shinkafa, gobe da sassafe ke za ki fara ci.”

“Matan ba za su jira ba. Da azahar za mu tashi, kuma hanyar nan ba ta mutum biyu ba ce.” Ta mayar da faifai ta rufe kwanon a hankali. “Sai baɗi.”

Uwani ta ƙunsa mata na safe da suka huce, waɗanda ta ware mata na tsaraba. Muka kama hanya. Kwana biyu ina jira ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Da ta mare ni, da na ji sauƙi. Sai ma ta karɓi ƙwaryata ta haɗa da tata da ta ga kafaɗata tana jini.

Daren da muka isa, aka hura wuta, aka jera waina a fasasshen kasko. Duk gidan sun san abin da ya kai mu, har babana ya bar hirarsa ya zo ya tsuguna. Ɗan baffana ya ce, “Kaka, kun ci da zafin?”

Na sunkuyar da kai. Na san yau kowa zai ji.

Kaka ta ce, “An ci. Amma ni bakina ya gaji. Gajeriya, ke gaya musu yadda take.”

Na kasa. Ta ce, “A hankali. Fara daga gefe.”

Sai na fara. Na ce gefenta yana da ƙaras-ƙaras, in ka ciza sai ya yi ƙara kaɗan. Ta ce, “Cikin fa?” Na ce cikin fari ne, laushi kamar auduga, da ƙananan ramuka, man shanu yana shiga cikinsu ya ɓuya. Na ce ba ta da tsamin nan, sai ɗan kaɗan can a ƙarshe, bayan zaƙi. Na ɗago kai. Kaka ta rufe ido, bakinta yana motsi kamar tana tauna.

Ta ce, “Tsakiyar tana ƙona harshe?”

Na ce, “Tana ƙonawa.”

Ta gyaɗa kai. “Haka take. Ba ta canja ba.”

Da kowa ya tashi, na matsa jikinta na ce, “Kaka, ni ma bakina zai tafi kamar na mai gishiri?” Ta ce, “Naki yana nan. Ba ga shi kin ba ni ba? Je ki kwanta.”

Baɗin nan bai zo ba. Kafin damina gwiwar ta kwantar da ita, ba ta ƙara zuwa ko rafi ba. Ta yi shekara uku tana gina tanda a zaune, wasu suna kai mata. Na sha cewa zan je in kawo mata da gudu, sai ta yi dariya ta ce, “Ko tsuntsuwa ce ke sai ta huce.” Haka ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar nan kan haɗama take, kuma da ni take. A shekarar farko ta aurenmu na ba maigidana labarin. Direban babbar mota ne. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sai ya ga ni ba dariya nake ba, ya daina. Washegari da asuba ya ce in ɗauko gyale. Ya kai ni tasha, muka zauna a benci, ya sa aka rufe mana kwano da faifai. Ya ce, “Lami, ɗaga mu gani ko kin bar mini.” Wannan maganar bai daina ta ba har ya tsufa. Duk inda mota ta kai shi sai ya dawo da ƙunshi: kilishi daga arewa, ƙuli-ƙuli daga Bida, rake, tsire a takarda da mai ya jiƙa ta. Ya ce mini a hanya in ya sayi abu, tuwo kawai yake ci don ciki, abin marmari kuwa sai ya iso. Bayan ya bar tuƙi, ko gyaɗa ya sayo a bakin titi sai ya zube ta a cinyata mu ɓare tare. Muna nan aka zo da motoci aka ture gonakinmu, birni ya taso ya kewaye mu, muka koma Kuchigoro. Benci dai ya yi ta canjawa, mu ba mu canja ba.

Sai yanzu na gane ba rabin farko na tatsuniyar Kaka take ba mu ba. Wannan don yara ne. Nata shi ne rabin ƙarshe, mutum yana yawo da abu mai zafi a hannu, yana neman wanda zai miƙa wa. Shi ya sa ƙarshen ba ya zama ɗaya. Makauniya, makiyayi, akuya, duk ita ce take dubawa ko wa za ta samu. Ta jira ni shekara biyu ina girma, ta wanke hannu, ta juya zani. Ni ban san abin da na cinye ba sai da na kwana a ɗakin nan ni kaɗai.

'Ya'yana suna ƙoƙari. Ɗana ya ɗauke ni a mota ya kai ni wani gidan abinci mai sanyi, aka ajiye wa kowa farantinsa da cokalinsa, kowa ya sunkuya a kan nasa. Suna aiko mini da abubuwa a leda, a ajiye a gabana a ce, “Mama, ki ci,” a fita. Ba laifinsu ba ne, suna sauri. Sai in zauna ina kallon ledar har ta huce, hannuna yana so ya raba, ba wanda zan miƙa wa.

Tun da kika shigo nake jin ƙamshin abin da ke cikin jakarki, Rahila. Uwarki ce ta ce ki tsaya a bakin titi ki sayo mini, na sani, kuma na san za ki ajiye ki ce kin ƙoshi. Ban yi miki alkawarin zan ji komai ba. Amma ajiye biron nan, ki je ki wanke hannu, ki matso. Ba da cokali ba. Ga rabi. Ki fara ci, ki gaya mini yadda take, a hankali. Fara daga gefe.